Ruwan da Bai Sauka a Gangara Ba

Taubashina ne ya buɗe mana gurup na dangi a waya, kuma da an yi shawara da ni tun farko, da na ce a karɓe wayar daga hannunsa a jefa ta rijiya. Ɗan kawuna ne, wan innarmu ne ya haife shi. Ba yaro ba ne, gemunsa har ya fara furfura. Sana'arsa cajin waya a wata rumfa a kasuwar Gidan Rumji, da faranti biyu na hasken rana da tsohon batirin mota, wayoyin mutanen ƙauye baje a kan tebur kamar an shanya kuɓewa. Da yake wayoyin jama'a a hannunsa suke yini, sai ya ɗauka duk ilmin da ke cikinsu ya tsiyaye ya shiga kansa. Abu ba ya faɗo masa ya gama kallo sai ya riga ya turo mana. Yau ragon da aka haifa da kai biyu, gobe tafarnuwa da kanwa masu maganin hawan jini da mantuwa da ciwon baya, jibi wata lamba da in ta kira ka ka ɗauka jini zai fito maka ta kunne. Ƙarƙashin kowanne sai ya ƙara da muryarsa, cikin natsuwa irin ta mai huɗuba: "Jama'a, a kiyaye hwa."

Mun kusa arba'in a gurup ɗin, kuma masu iya karanta rubutu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Saboda haka komai da saƙon murya ake yi, abin da muke ce wa bokal. Mutum ya danna, ya yi sallama, ya gaida kowa, ya tambayi gajiya da iyali da dabbobi, sai can ƙarshe ya faɗi abin da ya kawo shi, in bai manta ba. Abin da na lura shi ne, mutanenmu in suka ji muryar mutum a kunnensu, sai su ɗauka ƙofar gida ya zo ya yi sallama, kuma wanda ya yi maka sallama ba ka ce masa maƙaryaci. Ba mai tambayar wane ne wannan, ɗan gidan wa ne, daga wane gari yake magana. Mutanen da ba za su sayi akuya ba sai sun buɗe bakinta sun duba haƙori, sun bi diddigin abin da ya sa mai ita zai rabu da ita, su ne ke haɗiye maganar baƙon da ba su taɓa ganin fuskarsa ba, ko taunawa babu.

Ni malamar lakol ce, wato makarantar boko, a Agiye. A ƙauyenmu, can yankin Gidan Sori, Madam ake ce mini, kuma ba kullum don girmamawa ba. Ni ma ban taɓa ɓoye musu yadda nake kallon gurup ɗin nasu ba. Na raina shi, na raina abin da ake zubawa a ciki, kuma har yau ban fasa ba.

Sai dai wannan labari ba na taubashina ba ne, na yayana ne da irinsa na gero.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, shi ya gaji gandun babanmu, kuma Inna a hannunsa take. Mutum ne mai ƙarancin magana, irin wanda za ku yini tare ba ka ji kalma ashirin a bakinsa ba. Tare da gandun ya gaji irin zango, geron nan mai dogon kai. Zango akwai shi ko'ina, amma namu babanmu ne ya yi shekaru yana zaɓensa. Kowace kaka sai ya bi gona shi kaɗai ya yanko kawunan da suka fi tsawo da cika, waɗanda tsutsa ba ta taɓa ba, ya ɗaure su dabam ya rataye a ƙuryar rumbu. Haka shi ma ya karɓa daga nasa uban. Irin ya saba da yashinmu, ya iya haƙurin ƙishirwa. Daminar da ta gabaci wadda nake ba da labari ba ta yi kyau ba, kafin rani ya raba rumbun Yaya ya yi ƙasa, gidan ya koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Dami huɗu na iri suna rataye, matarsa ta yi magana har ta gaji, bai ba da ko kai ɗaya a sussuka ba. Ya sayar da tunkiya, ya je Maraɗi ya yi wata guda yana buga bulo, amma damin nan huɗu ba wanda ya taɓa su. In suka tafi ba inda za a samo irinsu, domin maƙwabtan da babanmu ya taɓa ɗiba wa sun cinye nasu ko sun gauraya shi da na kasuwa.

A ƙarshen ranin nan ne aka tara mu malamai a Maraɗi na kwana uku, wai a koya mana yadda ake tantance labarin waya, mu kuma mu koya wa ɗalibai da iyayensu. Masu koyarwar samari biyu ne da wata budurwa daga babban birni, sai ƙamshin turare suke, kowa da kwamfutarsa. Da Faransanci aka yi komai. Sun nuna mana yadda za ka ɗauki hoto ka saka a wani shafi ya gaya maka inda ya fara fitowa, a ɗakin da rezo, wato sabis ɗin waya, ke zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. Na ɗaga hannu na ce, to wanda bai iya karatu ba fa, wanda wayarsa ke yini a rumfar caji, wanda sai ya hau tudu yake samun rezo? Ɗaya saurayin ya yi murmushi ya ce tambaya ce mai muhimmanci ƙwarai, ya rubuta ta a allo, aka tashi cin abinci. Da muka dawo an goge allon. A ƙarshe an ba mu takardar shaida mai ruwan zinariya a gefe, aka jera mu aka ɗauki hoto.

Duk da haka ban dawo hannu wofi ba. A rana ta uku wuta ta ɗauke, kwamfutoci suka mutu, budurwar nan ta zauna a kan tebur ta yi mana magana da Hausa kamar 'yar mutane. Ta ce in an turo muku bidiyo kada ku tsaya a abin da ake nuna muku a tsakiya, ku kalli gefe, abin da mai ɗaukar bai damu da shi ba. Kuma in an ce abu ya faru a wani gari, ku nemi mutum ɗaya da ke garin ku tambaye shi. Maganar ta shige ni, sai dai dariya ta kama ni, domin babanmu da bai taɓa riƙe waya ba haka yake yi. In aka ce an yi ruwa gabas, ranar kasuwa sai ya tafi tashar Gidan Rumji ya gaisa da direbobin da suka fito daga can, yana gaisawa yana kallon tayoyinsu ko da laka. Na baro aji da 'ya'yana kwana uku don a koya mini duba taya.

Na gwada isar da abin a taron iyayen yara a lakol ɗinmu. Na yi misali da ragon taubashina mai kai biyu, na nuna musu inda aka haɗa hoton, inuwar wani kai ta yi gabas ta ɗayan ta yi yamma. Suka yi ta gyaɗa kai suna Allah ya saka da alheri. Da aka tashi, uku daga cikinsu suka biyo ni suna roƙon in tura musu ragon.

Ga wanda bai tashi a ƙauye ba, binne shi ne shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, don ruwan farko ya tarar da iri a kwance. In ruwa mai yawa ya zo, ka riga kowa. In yayyafi aka yi, iri ya tsiro, rana ta biyo baya ta ƙone shi. Shi ya sa babanmu bai taɓa binne fiye da gefe ɗaya na gandu ba. Sauran irin yana rataye sai ƙasa ta jiƙu, ya tura hannu ya ji danshi har wuyan hannu. Kuma da yake hadarinmu daga gabas yake tasowa, a bazara kunnen ƙauyenmu duk yana wajen Gazawa da Gangara. In ya sauka can, mu ma sai mu fara sa rai.

Ranar wata Talata ce, bazara ta yi nisa, zafi ya hana kowa sakat. Ina zaune gindin dogon yaro lokacin hutun ƙarfe goma sai wayata ta yi ƙara. Taubashina ne. Bidiyo ya turo, ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana gudu a kan hanya, wata mata da kwano a ka tana neman mafaka. Biye da shi bokal, ba muryarsa ba, ta wani mutum mai kaurin murya irin ta masu karanta labarai. Ya ce wannan ruwa yau da asuba ya sauka a Gangara, masu hasashen yanayi sun tabbatar daga Alhamis za a yi kwana bakwai ana ruwa a duk ƙasar Maraɗi, daminar bana gajera ce, wanda bai sa iri a ƙasa kafin Alhamis ba ya yi asara. Ya rufe da cewa duk wanda ya ji bai tura wa 'yan'uwansa ba, Allah zai tambaye shi. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi wane buro, wato ofishin hukuma, ya tabbatar ba.

Na kalli gefe. Bayan matar mai kwano akwai gona, masara ta kai ƙugu, kore shar. A bazara! A ƙasar da akuya ba ta ganin koren abu sai an sassabo mata ganyen gawo. Ƙasar da ruwan ke gudu a kai ja ce wur, can nesa kuma ga dutse tsaye. Na san Gangara, ba ta da nisa da Agiye, na sha cin kasuwarta. Yashi ne, kuma ban taɓa ganin dutsen da ya fi turmi tsawo a can ba. Don kada in zalunci kowa, na kira wata abokiyar aikina da ke koyarwa a garin. Ta yi dariya ta ce ruwan da ta gani yau shi ne wanda mai amalanke ya kawo mata a jarka.

Kafin in koma gurup an cika shi da hamdala, wannan na yi wa wancan barka. Sai ga muryar Yaya, shi da bai cika magana a ciki ba, gajera kamar kullum: "Alhamdu lillahi, ruwa ya sauka gabas. Gobe in Allah ya kai mu, binne za mu."

Damin nan huɗu kawai nake gani. Abin da ya kamata in yi a fili yake, ko 'yar aji uku ta san shi. In kira shi shi kaɗai, in gaishe shi, in ce Yaya ga abin da na ji daga Gangara, kai ka fi ni sani. Ko in bi ta wajen Inna. Ban yi ko ɗaya ba. Raina ya riga ya ɓaci, ga kuma taubashi a gabana, wanda al'ada ta ba ni damar in yi masa tatas. Tsakanina da shi ba zagin da ke zama laifi. Tun muna yara nake ce masa bawana yana ce mini baiwarsa, muna yi a gaban iyayenmu suna dariya. Sai na danna na yi bokal, na fi minti uku ina zuba.

Ba zan maimaita duka ba, amma na tuna na ce: "Kai bawana, masara ta kai ƙugu Gangara cikin bazara? Dutsen ga yaushe anka kai shi can, bisa amalanke? Wanga bidiyo ko makaho ya shahwa shi ya san ba ƙasarmu ta ba. Duk wanda za shi ɗauki iri shi zuba ga busasshiyar ƙasa don wani ƙaton da ba a san gidansu ba ya yi magana cikin waya, wallahi jakin kawu ya hi shi hankali. Ku riƙa tambaya mana! Ko kawunanku na ɗora hula na kawai?"

Na tura, na koma aji ina jin daɗi kamar wadda ta sauke kaya. A ganina taubashina na wanke. Ban tsaya na lura muryata ta faɗo daidai ƙarƙashin ta Yaya ba, kuma a gurup ɗin akwai surukansa, akwai ƙannenmu, akwai duk wanda ke rusuna masa in sun haɗu a hanya.

Taubashina ya amsa yana dariya har da tari: "Baiwata ta yi karatun ruwa! Madam, in ruwa ya zo Alhamis, ke ka ɗaukar mani batir bisa kai har gida." Ko a jikinsa, shi wasa ya ji.

Da la'asar Inna ta kira ni ta wayar matar Yaya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Ke, mi kinka yi haka?"

Na ce, "Inna, gaskiya na hwaɗi, ba a yi ruwa Gangara ba."

Ta ce, "Ni ban tambaye ki ruwa ba. Yayanki na. Ba ki da lambar wayatai?"

Na ce ai da taubashina nake. Ta ce, "Kowa ya ji da wa kike." Ta kashe.

Kafin magariba na kira Yaya. Ya ɗauka, muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara da aiki, ɗaya bayan ɗaya, kamar da baƙuwa yake magana. Na fara bayani, masara, jar ƙasa, abokiyata ta Gangara. Ya bari na kai aya. Sai ya ce, "Na ji karatunki, Madam. Allah shi yi albarka." Duk garin na ce mini Madam, shi kaɗai ne bai taɓa ba sai ranar. Auta yake ce mini.

Laraba rabin ƙauyen ya fita binne. Alhamis ta zo ta wuce, sama fes. Juma'a haka. Na yi shiru a gurup, amma a raina rawa nake yi. Kunya nake ji yanzu, amma haka abin yake, ina addu'ar ruwa da baki, zuciyata tana so a ƙara kwana biyu a ga wanda ya yi gaskiya. Ranar Asabar da yamma hadari ya taso, aka yi iska, aka yi ɗan ruwa irin wanda ke jiƙa saman ƙasa kamar yatsa biyu ya ɗauke. Wannan shi ne mafi munin abin da zai sami mai binne, kuma duk manomin da ke gurup ɗin ya sani. Amma sai ga bokal na shigowa ba ƙaƙƙautawa. "Ina Madam?" "Masu lakol, a hito a ga ruwa." Taubashina ya ɗauki hoton ƙafarsa cikin wani ɗan taɓo da ko kaza ba za ta jiƙa ciki ba, ya turo. Mutumin ya ce kwana bakwai daga Alhamis, aka samu rabin sa'a ranar Asabar, kuma a wurinsu maganarsa ta tabbata.

Iri ya tsiro. Matar Yaya ta gaya mini gandu ya yi kyau, layi-layi kamar sabon kitso. Daga nan sama ta ɗauke. Mako ɗaya, mako biyu, rana tana fitowa da zafinta tun hantsi, iska tana kwasar yashi tana bulalar tsiron. An fita roƙon ruwa sau biyu. A mako na uku tsiron ya murɗe ya koma kamar zare.

Na kasa kunne in ji wanda zai ce, wai ina mutumin nan mai kaurin murya? Wa ya fara turo shi? Ba wanda ya ce. An ce jarrabawa ce daga Allah, kuma ban musa ba. An ce zunubi ya yi yawa, an ce mata sun daina rufe jiki, an ce 'yan boko sun yi wa ruwa baki, kuma na san da wa ake. Taubashina ya yi tsit kwana biyu cur, na ce ko kunya ce ta kama shi, ashe batirinsa ne ya lalace. Ranar da ya gyara ya turo mana wani mai farar riga da ya ce shan ruwan sanyi bayan cin mangwaro yana kashe mutum nan take.

Na kira shi, ba da wasa ba wannan karon, na tambaye shi a ina ya samo bidiyon. Ya ce a gurup na 'yan kasuwa. Na ce wa ya turo? Ya ce wani Alhaji ne, mutumin kirki, ba ya ƙarya. Na ce shi Alhajin a ina ya samo? "Ni dai saƙo na isar," in ji shi. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. A cikin mutum arba'in ba wanda ya yi ƙarya, kowa isarwa ya yi, kowa yana jiran lada. Shi kuwa mai kaurin murya, ban san ko ya taɓa riƙe hauya ba, ban san abin da ya samu ba, wataƙila yana can yana haɗa bokal ɗin baɗi.

Ruwa na gaskiya sai bayan an yi hutun lakol ya sauka, mai yawa, wanda ya cika tafkuna. Har lokacin abin da na sani shi ne Yaya ya yi binne kamar kowa, kuma na ɗauka irin na babanmu ya yi, gefe ɗaya. Na ce ya yi asarar dami ɗaya, ya koyi darasi, sauran uku sun isa gandu in an yi tattali. Duk da haka na sayi tiya biyar ta iri a wajen wani manomi da na yarda da shi a Agiye, don in je da abin hannu in kuma rufe bakin maganar. Na shiga mota zuwa Maraɗi, daga nan Gidan Rumji, daga nan kabu-kabu ya kai ni ƙauye. Ƙasa ta jiƙu, duk inda ka duba mutane ne a gona.

Na tarar da matar Yaya a tsakar gida tana tsintar wani gero a faifai, gauraye da tsakuwa da ƙwayoyin dawa, irin na buhun kasuwa. Muka gaisa, na shiga na gaida Inna, ta amsa ba yabo ba fallasa. Da na fito na ce wa matar Yaya, wannan na tuwo ne? Ta ce na shuka ne. Na ce, ina sauran zango? Ta dube ni, ta ajiye faifan a ƙasa.

"Babu saura," ta ce.

Sai ta ba ni labarin ranar Talatar nan yadda ba wanda ya gaya mini. Bayan Yaya ya yi bokal ɗinsa, dami ɗaya tak ya sauke ya ba ta ta sussuka. Ya ce na gefen gabas ne, sauran uku su jira, yadda Baba ke yi. Da azahar ya tafi masallaci. Ranar ba kasuwa, taubashina yana gari. Ana idar da sallah, a ƙofar masallaci, ya ce jama'a ku zo ku ji baiwata, ya ƙure sautin wayarsa ya kunna. Wayar ta fara da muryar Yaya yana cewa gobe binne, tawa ta biyo ta kai tsaye. Aka kwashe da dariya, wani ya ce a sake. Aka sake har sau uku. Wani tsoho ya juya ya ce wa Yaya, to kai da jakin kawunka wa za shi gona gobe? Yaya ya yi murmushi, ya sa takalminsa, ya dawo gida, ya shiga rumbu ya sauke sauran ukun.

"Na riƙe mai riga," in ji ta. "Ya ce in ya bar ko kai guda rataye, za a ce ƙanwatai ta hana shi."

Na zauna a kan turmi. Na raina taubashina, na raina mazan ƙofar masallaci da ba su da aiki sai dariya, na raina girman kan da zai sa mutum ya zuba gadon ubansa a busasshiyar ƙasa don kada a ce ƙanwarsa ta gaya masa. Amma da na gama zagayawa, rainin a kaina ya tsaya. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ba a yi ruwa a Gangara ba, masarar ba tamu ba ce. Mai kaurin murya dami ɗaya ya ci mana. Ukun nan, ni na ci su.

Ina nan zaune Yaya ya shigo da sungumi a kafaɗa, ya dawo ɗaukar iri. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo.

"Madam, an zo lahiya?"

Na durƙusa na gaishe shi. Na tura masa buhun da na kawo. Ya kwance bakin, ya ɗebi ɗan kaɗan a tafin hannu, ya juya shi a rana, ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori ya datsa.

"Wanga an bincika shi?" ya ce. Ba dariya a fuskarsa.

Na ce na san mai shi, na ga gonarsa bara da idona. Ya ce to. Ya dubi geron da ke faifai, ya dubi nawa, ya ɗauki nawa ya saɓa ya juya zai fita. Ban jira an ce mini ba. Na cire takalmi, na gyara ɗaurin zane, na karɓi ƙwarya a hannun matarsa na bi shi.

Rabona da shuka tun ina ɗaliba. Yana gaba yana sara da sungumi, ina baya ina zuba iri ina takewa da diddige, yashi mai sanyi yana shiga tsakanin yatsuna. Bai waiwayo ba. Sai a layi na uku na gane abin da yake yi. Duk inda ya zo kan tsohon gurbi, inda zaren zangon babanmu ke kwance a kan yashi ruwa ya manne shi, sai ya kauce da sungumin kaɗan ya sara a gefe. Ni ma na riƙa ɗaga ƙafa ina tsallakewa. Haka muka yi har ƙarshen gandu.